Ranar da Na Ba Maigari Sha Ɗaya Bisa Ashirin

Tun kafin wani ya riga ni bazawa a tasha, ni ne wawan labarin nan. Mushe Idi (Mushe laƙabin malaman boko ne a nan), malamin lakwal, wato makaranta, a Geceme, shi ya aiko in zo in zauna cikin alƙalan gasar wasan kwaikwayo ta samarin ƙauyuka. Ni da na bar lakwal aji huɗu, amma na shekara tara ina fitowa a kumandan, Nasaran mulki, cikin wasannin dandalin Dogon Dutsi! Shekara talatin ba wanda ya tuna da ni. Na ce kujerar nan ko da rarrafe sai na hau ta.

Dogon Dutsi zuwa Kore Mairuwa

Ƙarfe shida saura kwata, ana fitowa masallaci, na shiga mota da babbar riga da littafi da alƙalami. Munka tashi bakwai da minti goma, bayan an ɗaure awaki biyu bisa kanmu. Kusa da ni wani saurayi ɗan kasuwa ne, mai gemu da wando ɗangalalle.

"Baba, ina zuwa da littafi?"

"Alƙalancin tiyatar, ɗana, wasan kwaikwayo."

"Subhanallahi. Da furfurarka? Ai ƙaryar Nasara ce."

Na gyara zama. Na ce Nasara ya tarar da mu muna abinmu. Kakarka da ke maƙe murya ta yi ta kura cikin tatsuniya, mi take yi? Samarin da ke ƙera bindiga da tabarau na kara bayan girbi, su naɗa sarkinsu da alƙalinsu, mi suke yi? 'Yan tashe fa? Na ɗaga yatsa uku: fili da jama'a sun kewaye, rigima tsakanin mutum biyu, da babba a tsakiya mai raba ta. Inda ka ga ukun nan, wasa ne.

Direba ya ce, "To, Baba, gidana tiyatar ne ke nan."

Kore Mairuwa zuwa Tibiri

Takwas da rabi jandarma ya duba takardunmu, ya ce, "Tsoho, kai ne cikin hoton nan?" Na ce ni ne, kafin gero ya yi tsada. Munka sauka Tibiri goma da kwata. Na sha fura mai nono, na ci ƙosai huɗu, na hau kabu-kabu. Mai babur ya ce in riƙe shi da kyau, rairayi ba ya sanin alƙali.

Ƙauyen gasa, gab da Geceme

Sha biyu saura munka iso. Daga nesa na hango jama'a sun yi zobe ƙarƙashin gawo. Na ce, af, sun fara ba ni! Na kutsa. Fili, ga shi. Rigima, ga ta: wani dogo yana girgiza tushen gamba, yana rantsuwa maƙwabcinsa ne ya tumɓuke ta daga iyakar gona ya matsar da ita taki biyar. Babba a tsakiya, ga shi bisa kujera da rawani. Na buɗe littafi.

Na yi haƙuri minti biyar, sannan aiki ya motsa.

"Kai mai gamba! Kada ka ba 'yan kallo baya. Kuma fushin nan naka bai kai ba, ko akuya ba za ta yarda an ci maka gona ba."

Wuri ya yi tsit. Na ɗauka kwarjinina ne. Na juya ga mai rawani.

"Kai kuma, ɗana, wa ya naɗa maka wannan? Maigari na gaske ba ya gyangyaɗi ana shari'a. Sha ɗaya bisa ashirin, don tausayi."

Sai na ji an kama hannun rigata. Mushe Idi ne, gumi har wuya.

"Baba Gado, don Allah taho. Gasa sai la'asar, can filin lakwal. Wannan maigari ne."

"Na wane ƙauye a wasan?"

"Na nan. Shekara ashirin da naɗa shi."

Na durƙusa, gwiwa ta yi ƙara, na ce, "Ranka shi daɗe, rana ce ta buge ni." Maigari ya dube ni ya ce a ba baƙo ruwa. Mai gamba kam sai da mutum uku sunka riƙe shi.

Da la'asar na tarar da kujerun alƙalai uku, an cika su duka. Maigari ne babban baƙo, Mushe ya ce ba zai iya zaunar da mu inuwa guda ba. Na kalli gasa daga tabarmar baya, littafi cikin aljihu. Na kwana gidan Mushe, tuwon gero da miyar kuka, ba wanda ya ta da zancen.

Komowa

Washegari ƙarfe biyu na iso gida lafiya. Godiya ga Allah, ga Mushe Idi, da mutum ukun nan masu ƙarfi. Na kwashe duka na faɗa wa Hajiya, matata, na ce laifinsu ne, wa ya ce su yi shari'a kamar wasa?

Ba ta ko ɗago daga tsintar wake ba.

"Su rana guda sunka sha, Malam. Ni shekara arba'in ina yi maka faɗa na gaske cikin gidan nan, kana zaune kana ba ni maki."