Inda Iska Ke Kai Shanya

Yayana mai kafa eriya ne. Ya fi shekara talatin yana hawa rufin mutane, har ta kai idan ka ce Mai Eriya a garinmu babu wanda zai tambaye ka wanne. Garin namu tsakanin duwatsu yake, wasu gidaje a tudu, wasu a kwari, tashar talabijin kuma tana can bayan dutsen gabas. Na tudu suna samun hoto cikin sauƙi, amma iska ta hana su sakat. Na kwari kuwa sai sun ɗaga fayif sama, sama kuma nan iska take da ƙarfi. Saboda haka aiki bai taɓa yanke wa Yaya ba.

Yana da wata ɗabi'a da ke ba magidanta haushi. Ranar farko ba ya zuwa da tsani. Hannu rabbana zai zo, a gaisa, sai ya ce a yi masa magana da matar gidan. Tambayarsa ɗaya ce kullum: "Idan iska ta kwashe miki shanya, ina kike zuwa ki tsinto ta?"

Wani maigida ya taɓa ce masa, "Malam, eriya na kira ka ka kafa, ba wanki ba."

Yaya ya ce, "Kai da ka fita da safe sai yamma. Ita ce ta sha bin zane da gudu, ita ta san ta inda iskar gidan nan ke shigowa, da lungun da ba ta leƙawa."

Daga amsar matar yake sanin bangon da zai ɗaure fayif, da ɓangaren da zai ja wayoyi uku na riƙo. Wajen zaɓen eriya kuma ba ya jin lallashi. Manyan nan masu faffaɗar raga a baya, tabarma yake ce musu, wai iska naɗe su za ta yi. Na roba masu juyawa da rimot kuwa cewa yake, "Abin da ke juyawa da kansa, iska ma za ta juya shi." Tasa ita ce doguwa siririya mai yatsu, mai kaurin ƙarfe, da notin da ba ya tsatsa. Idan ya haɗa waya sai ya naɗe mahaɗar da tef sosai don kada ruwa ya shiga. Akwai eriyoyin da ya kafa tun ina budurwa, har yau suna tsaye.

Abin dariyar shi ne gidansa babu hoto. Gidan yana can ƙasan kwari, dutsen gabas ya tsaya masa a ka. Ya gwada farkon aurensu, abin ya ƙi, ya watsar. Ni kuwa da nake ƙanwarsa ban taɓa raga masa ba. Duk sanda ya zo gyara mini tawa sai na ce, "Yaya, a gaida talabijin ɗinku, ya jin daɗin hutu?" Sai ya yi kamar bai ji ba.

Matarsa tela ce, Mai Keke muke ce mata. Ba ta taɓa damuwa da kallo ba sai da Autarsu ta sami aiki a tashar. Ita ce wadda ake nunawa a kusurwar allo tana fassara wa kurame labaran yamma da hannu. Tun daga nan, kullum kafin ƙarfe biyar Mai Keke za ta rufe kekenta ta hauro gidana a tudu, ta zauna dab da talabijin. Mai karanta labarai bai dame ta ba, kusurwar kawai take kallo. Duk zuwan da Auta ta yi hutu kuma sai ta koya mata 'yan alamomi.

Sai gwiwa ta kama ta. Shekarun taka keke ne suka taru suka zo lokaci guda, hawan tudu ya gagara. Kunnenta ma dama ya yi nauyi, idan Auta ta kira a waya sai dai su yi ta "na'am, na'am" har a gaji. An gwada dish na tauraron ɗan'adam, tashar ba ta cikinsa. Wata biyu ba ta ga fuskar 'yarta ba. Ba ta yi ƙorafi ko sau ɗaya ba, kuma wannan ya fi ci mini rai. Idan biyar ta yi sai ta ɗaga kai ta dubi agogo, ta mayar kan ɗinkin hannunta.

Yaya ya gani, hankalinsa ya tashi. Mutumin da ya shekara talatin yana hana mutane sayen tabarma, sai ga shi ya shigo da mafi girmansu. Ya haɗa fayif uku, ya miƙa su sama kamar zai leƙa bayan dutsen. Hoto ya zo yana rawa kwana biyu, rana ta uku iska ta lanƙwasa fayif ɗin. Ya miƙar, ya ƙara wayoyi, iska ta tsinke guda, eriyar ta faɗo ta huda kwanon rufi. A karo na uku ƙafarsa ce ta zame, Allah ya sa ya kama bakin kwanon. Mutum ya haura sittin fa. Na yi masa faɗan da ban taɓa yi ba, amma wanzami ba ya son jarfa. Washegari na same shi a tsakar gida yana auna fayif na huɗu.

Mai Keke tana zaune a bakin ƙofa ta miƙe ƙafa. Ta dube shi, ta kira shi.

"Baban Auta, ni ma ka tambaye ni mana."

"In tambaye ki me?"

"Abin da kake tambayar matan mutane."

Na toshe baki da mayafi. Yaya ya ajiye fayif ɗin a hankali. Na ɗauka zai yi fushi, sai ya matso kusa da kunnenta mai ɗan dama, ya yi tambayar da muryarsa ta aiki, kamar yau ya fara shigowa gidan.

Ta ce, "Ta gabas take gangarowa, ta bi kan rufin nan, ta kai mini kaya kan bishiyar gwaibar maƙwabta. Shi ya sa shekara ashirin ke nan a bayan kicin nake shanya, jikin bangon da ke kallon dutsen yamma. Ko hankici ba ya motsi a wurin. Kuma sanda kunnena ke ji, can nake ajiye rediyona. Ko'ina a gidan nan hayaniya yake, ban da can."

"Can ai yamma ne. Tasha tana gabas."

"Ni dai na gaya maka inda rediyo ke magana."

Ya zaga bayan kicin, na bi shi. Ya tsaya yana kallon dutsen yamma, mai fuska sumul kamar an yi mata filasta. Can ya ce, kamar da kansa yake magana, abin da tasha ke watsowa yana dukan dutse ya dawo, yadda murya ke dawowa idan ka yi kira a kwari. Ya san haka, har ya taɓa yi wa gidaje biyu. Amma a gidansa dutsen gabas kawai yake harara, bai taɓa juyawa ya dubi na bayansa ba.

Ya ɗauko wata tsohuwar siririyar eriya da ke rataye a ɗakin kayansa, da guntun fayif ɗaya. Ko tsani bai taɓa ba, benci ya taka. Ya ɗaure fayif ɗin a bangon, ya juya wa tashar baya, ya saita bakin eriyar ga dutsen yamma. Ni aka sa a taga ina kallon allo.

"Ya fito?"

"Ɗan ƙara. Ka wuce, koma kaɗan. Tsaya nan, Yaya."

Hoto ya fito tas, ya fi nawa na tudu, kuma ban ji kunyar faɗa ba.

Kafin biyar iska ta taso kamar yadda ta saba, gwaibar maƙwabta tana ta sunkuyawa. Hoton ko gezau. Aka fara labarai, sai ga Auta a kusurwa da hannuwanta. Mai Keke ta sa tabarau, ta matso da kujera, ta ƙura wa kusurwar ido.

"Ta rame," ta ce. Sai ta waiga. "Ina Babanta?"

Na leƙa ta taga. Yana bayan kicin, hannu biyu riƙe da fayif ɗin da ya riga ya ɗaure tamau. A nan na tuna bai taɓa zama a gidana ya kalli Auta ba. Kullum sai ya ce aiki ya riƙe shi, ni kuma na yarda. Ashe nauyi yake ji ya kalli 'yarsa a gidan wani, shi da ya cika gari da hoto. Duk tsokanar da na yi masa ta dawo mini, tausayinsa ya kama ni.

"Saki, Yaya. Ba inda za shi."

Ya shigo da sifana a hannu, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon kusurwar allon. An zo ƙarshen labarai, hannuwan Auta suna ta tafiya.

"Me take cewa?" ya tambayi matarsa.

Mai Keke ta bi hannuwan da ido. "Wai gobe za a yi iska mai ƙarfi."

"To, ta yi mana," in ji Yaya. Ya ajiye sifanar a ƙasa, ya zauna kusa da ita.