Baƙar Wayar Yahouza

Ni Rabiatou, shekara tara ke nan ina sayar da tikiti a wani kamfanin motoci a Gare, tashar mota ta Parakou, kuma ina cikin waɗanda suka kori Yahouza daga aiki. Gara in faɗa tun yanzu.

Yahouza ɗan Djougou ne, jikan fataken goro. Ubansa ya so ya gaje shi a shago, shi kuwa tun yana sakandare hannunsa na cikin matattun kwamfutoci. Siriri ne, marar magana, in ka gaishe shi sai ya amsa yana kallon ƙasa. Alhaji Abduljalil, mai kamfanin, ya ɗauko shi ya kafa mana serveur, wato babbar na'urar da ke riƙe da lissafin kujerun kowace mota, don mu a Parakou da abokan aikinmu na Djougou mu daina sayar wa mutum biyu kujera ɗaya.

Waya biyu ya soka wa na'urar a baya, shuɗiya da rawaya. Na tambaye shi ko ɗaya ba ta isa ba.

"Yaya Rabi, haɗa su na yi suka zama kamar guda," in ji shi. "Shuɗiyar ke ɗaukar aiki. In ta mutu, rawayar za ta karɓa nan take, ba wanda zai ma sani."

Shekara huɗu ba mu taɓa jin ko tari ba. Har mutane suka fara cewa me Yahouza ke yi ne ake biyansa.

Sai Ziyad ya zo, mijin 'yar Alhaji, aka ba shi kujerar mataimakin patron, wato na biyun Alhaji. Bai yi wata ba abu ya rikice. Daga azahar zuwa la'asar rezo, wato sadarwar da ke tsakaninmu da Djougou, ya dinga shaƙewa. In sayar da kujera ta sha biyu a nan, Djougou ba su gani ba, su ma su sayar. Kai, na sha zagi! Wata mai doya daga Kolokondé ta watsa mini ragowar kunu a fuska ta tagar gishe, inda nake sayar da tikiti.

Da yake daga Djougou ake ƙorafi, can ake tura Yahouza. Ya sha hanya, ya duba, ya tarar da komai lafiya. Ya dawo da yamma, fitilun wayoyin biyu na ci kore shar. Ya canja katin na'urar, ya canja ramin da wayar ke shiga, a banza. Na'urar tana rubuta duk abin da ya same ta, sai ya zauna ya bi rubutun kwana bayan kwana. Ya ga shuɗiyar tana mutuwa ƙarfe biyu, ta farfaɗo ƙarfe huɗu. Satin da Ziyad ya yi a Cotonou kuwa ko sau ɗaya ba ta mutu ba.

Ɗakin serveur ne kaɗai mai na'urar sanyi a ginin. Ashe Ziyad, bawan Allah, in ya ci ya ƙoshi, can yake shigewa da kwamfutarsa, ya zare shuɗiyar ya soka a tasa, ya miƙe ƙafa yana kallon ƙwallo. A ganinsa waya biyu ce, ɗaya rara ce. Ita kuma rawayar ɓera ya gaigaye ta a bayan kabad. Fitilarta na ci, na'urar na ɗauka lafiyarta ƙalau, alhali rabin saƙon a hanya yake zubewa.

Ranar da Yahouza ya kai wa Alhaji takardar da ya rubuta lokutan a kai, ina tsaye a ofis da fayil a hannu.

"Baba Alhaji, ga lokutan. A hana kowa shiga ɗakin, ni kuma in canja ɗaya wayar."

Alhaji bai ko taɓa takardar ba. "Wato surukina ne ɓarawon waya? Kai da ka ce in ɗaya ta mutu ɗaya za ta karɓa, ina ta karɓa?" Ya juyo gare ni. "Rabi, ke ce a gishe. Aikin yaron nan yana tafiya?"

Na san Ziyad na shiga ɗakin. Wallahi na sani, don ni nake miƙa masa makulli. Amma ina da 'ya'ya uku, ga kuma haushin kunun nan bai sake ni ba.

"Gaskiya, Alhaji, ba ya tafiya," na ce.

Aka ba Yahouza zuwa Asabar ya bar aiki. Ziyad ya ce zai kawo wani abokinsa mai digiri daga Cotonou.

Ranar Asabar da hantsi na ga Yahouza ya sauka daga zem, wato babur ɗin haya, da wata baƙar waya a naɗe a kafaɗa, daga aljihunsa ya saye ta. Ya durƙusa bayan kabad ya fi awa. Ya fito da ƙura a gwiwa, ya ajiye gaigayayyar rawayar a kan teburina. Na ce, kai wane irin mutum ne, an kore ka kana gyara musu?

"Ke ake watsa wa kunu, Yaya Rabi," ya ce, ya ɗauki jakarsa.

Litinin mai digiri ya iso da kwat da turare. Ya leƙa ɗakin, ya danna nan ya danna can, ya fito. Tun daga ranar ba a sake sayar da kujera sau biyu ba. Alhaji har yau yana ba baƙi labarin yadda ɗan Cotonou ya gyara a minti goma abin da ya gagari ɗan Djougou wata uku.

Yahouza na nan a bakin kasuwar Arzèkè, ƙarƙashin lema, yana liƙa gilashi a fuskar wayoyin hannun mutane. In zan sayi hatsi ta wata ƙofar nake shiga. Ziyad kuwa bai fasa ba. Ƙarfe biyu ya zo ya miƙo hannu, in ba shi makulli, ya shiga ya zare shuɗiyar. Ni kuma in ci gaba da buga tikiti lafiya lau, a kan baƙar wayar.