Na Je Zandam Tambayar Kuɗin Inji

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga Kangire, ni da wani maƙwabcina da zai je Gwaram duba 'yar'uwarsa. Sau biyu ina komawa in taɓa kwaɗon ɗakin inji, har ya ce in ba zan tafi ba in gaya masa.

Injin niƙa gare ni. Da kuɗin gyaɗata da bijimai biyu na saye shi, ban ci bashin kowa ba. To, wani Alhaji daga Kano yana bin ƙauyuka yana saye injuna. Ya aiko dillali ya taya nawa, aka ce in ba da amsa ran Juma'a. Ban san ko tayin ya yi kaɗan ko ya yi yawa ba, kowanne kuwa tsoro yake ba ni. Har na zayyana wa dillalin duk aibin injin don kada in ci haram, ya ce, "Malam, kai mai sayarwa ne ko mai korar ciniki?" Tun da mai ɗakina ta rasu ba ni da abokin shawara. Sai na ji labarin wani Malam Idi a Zandam da ya sayar wa Alhajin nan injinsa bara.

A Birnin Kudu muka hau a-kori-kura. Kuɗin mota ya ƙaru. Direba ya ce ai ƙasa ta samu fetur, kowa ya yi arziki. Ni dai ƙosan da na saya ƙanƙancewa ya yi. Hanya duk caɓi, dawa ta fid da kai hagu da dama, a wani kwari sai da muka sauka muka tura motar da muka biya. A tashar Gwaram maƙwabcina ya kama gabansa. Na sha furar sule ɗaya a tsaye, na yi hayar keke, ina ta fargabar kada ya yi faci a hannuna.

Ƙarar inji ce ta yi mini jagora. Na tarar da Malam Idi shi kaɗai a gindin darbejiya, tsallaken hanya daga injin da ya sayar, sabuwar rediyo a gefensa ba a kunna ba. Masu kai niƙa suna wucewa da ƙorai a ka, ba mai tsayawa.

Bai ɓoye mini komai ba. Ninki biyu na abin da ya kashe aka ba shi, daidai da tayin da aka yi mini. An sa wa inji kuɗi, an sa wa rumfa, har durom ɗin mai. Na ji sanyi a raina, ashe babu cuta. Na ce to ai ya ci riba.

Ya ce, "Na ci. Da, in aka yi rasuwa a garin nan, ni ke niƙa hatsin sadaka kyauta, kafin liman ya ji na ji. Shekaranjiya aka binne abokina. Sai da aka dawo daga maƙabarta na sani."

Muka ci tuwon dawa da miyar kuka. Ya raka ni yana tura mini keken, yana tambayata irin injina da yadda yake tashi da safe. A bakin gari ya dubi ƙasa ya ce, "Ba ka neman mai zuba maka hatsi? Ba sai ka biya ni ba."

Ni kaɗai na dawo, maƙwabcina ya kwana can. Na iso gida da la'asar sakaliya, na tarar an jera ƙorai a ƙofar ɗakin inji, kowace na san gidan da ta fito. Abin da tafiyar nan ta koya mini, jama'a, shi ne tayin gaskiya ne, amma kuɗin ƙarfe ne kawai.

Ran Juma'a dillali ya zo, na ce albarka. Ya ƙara, na ce albarka. Har yanzu wani lokaci ina jin kamar wauta na yi. Na dai aika wa Malam Idi saƙo ta hannun direba cewa ya zo, na sayi tabarma ta biyu na shimfiɗa a rumfa. Kullum in mota ta tsaya sai na leƙa.