Masara a Saman Bene

Ku da kuka fara aiki bana, ku matso ku ji. Har yau ranar nan ba ta bar zuciyata ba, ranar da aka tura ni wani bene a Funtua da gwangwanin jan fenti. Ina ƙaramin jami'in duba gine-gine a lokacin, an gama girbi ke nan. Doka ta fito, har a rediyo an karanta: duk benen da bangonsa ya tsage a yi masa jar alama, mazauna su tashi.

Hawa na biyu na Hajiya Sikira ne, Bayarabiya mai sayar da atamfa, haifaffiyar garin. Ta rataya zani a bango ta ɓoye tsagar. Na ɗaga zanin na taɓa tsagar, sai da yatsana ya shiga.

"Malam Sani," ta ce, "kullum in na idar da sallar asuba, tagar nan nake buɗewa, in ga gonaki har hanyar Bakori. A nan nake so ajali ya same ni."

Na ce bari in leƙa sama tukuna.

Ina hawa saman benen na tsaya kamar mai mafarki. Masara ce a shanye ko'ina, rawaya shar, hantsi na dukanta, tantabaru na sauka suna tashi. Can gefe buhuna tsibi guda, daidai saitin ɗakin Hajiya. Ashe Alhaji Lawal, mai hawa na uku, ya mai da wurin rumbu!

"To ina laifi?" in ji shi. "Ɓera ba ya hawa, ɓarawo ba ya hawa."

Na yi zargin nauyin buhunan ne ke tsaga bangon, sai na roƙi ogana ya ba ni mako uku. "In ya rufta, wuyanka," ya ce. Aka sauke buhunan, Hajiya ta koma gidan ƙanwarta. Na manna siririn gilashi a kan tsagar da siminti, na rubuta kwanan wata. Haka ake gwaji: in bango na ci gaba da buɗewa, gilashin zai fashe.

Da muka dawo bayan mako ukun, gilashi na nan garau. Hajiya ta riƙa shafa shi kamar kan jariri, tana hawaye. Injiniya ya ce a gyara bangon, ta dawo ɗakinta.

Na mayar da fentina ofis ko buɗe shi ban yi ba. Tun daga ranar, a wannan ƙasa tamu ta manoma, ba na hukunta bango sai na hau sama na ga abin da aka ɗora masa.