Malama Safara'u da Buhunan Wake

Duk wanda ya daɗe a Gyaɗi-Gyaɗi ya san Malama Safara'u, ko da bai san sunanta ba: doguwar matar nan mai tabarau da ke tsayawa bakin titi da sassafe, rungume da takardu, tana jiran adaidaita sahu. A unguwar aka haife ta. Mahaifinta tela ne, shi ya dage sai ta yi boko, ta kuwa yi har digiri na biyu. Shekara goma sha tara ke nan tana koyar da Turanci a jami'a, ga 'yan aji ɗaya waɗanda aka wajabta wa darasin: masu karatun jinya, da masu haɗa magunguna, da 'yan ɗakin gwaji. Su ɗari huɗu da 'yan kai a zaure guda, lasifika yau ta yi aiki gobe ta ƙi. Su burinsu su haye, ita burinta zango ya ƙare. A haka suke zaune lafiya.

A littafin darasin akwai babi na shida, shafi biyu, a kan magungunan kashe ƙwari da illarsu ga muhalli. Labarin wata ƙasa ce mai nisa. An yi feshi a gonaki, ruwan sama ya wanke maganin zuwa tafki, ya shiga jikin kifaye, tsuntsaye suka ci kifayen, ƙwansu ya daina ƙyanƙyashewa. A ƙarshe akwai tambayoyi goma da jerin kalmomin haddacewa. Malama Safara'u ba ta son babin nan. Kowace shekara takan karanta shi kamar mai karanta sanarwa, ta wuce na bakwai.

Tana da dalili, ko da yake ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, mijinta Inuwa ya kawo buhun wake daga ƙauye. Don kada ƙwari su huda shi, ita da kanta ta sayo ƙwayoyin nan masu ruwan toka da 'yan kasuwa ke kira bom, guda uku, naɗe a guntun jarida. Ta cusa su cikin buhun ta ɗaure. Sito yana yoyo a lokacin, sai ta sa aka jingine buhun a bayan ƙofar ɗakin da 'yarta Samira ke kwana. Shekarar Samira biyar. Ta yi kwana biyu tana amai, aka ba ta maganin zazzaɓi. A rana ta uku aka kai ta asibiti, ba ta dawo ba. Wani likita ne ya ja Safara'u gefe, ya tambaye ta abin da ke cikin ɗakin, sannan ya gaya mata cewa ƙwayar tana fitar da iska mai guba, kuma buhu ba ya riƙe iskar. Masu zuwa ta'aziyya suka ce zazzaɓi ne, kwana ne ya ƙare. Ta bar su a haka. Inuwa ya sani, bai taɓa tayar da maganar ba, ita ma haka.

Bana shugaban sashe ya kawo sabon tsari: bayan kowane babi, sai ɗalibai sun rubuta abin da suka gani da idonsu. Ranar Litinin ta sa su rubuta shafi guda a kan yadda ake amfani da maganin ƙwari a gidajensu. Ta kwaso takarda ɗari huɗu da goma sha biyu. Babu suna a kansu, sai lambar ɗalibi, domin haka ƙa'ida ta ce.

Wanda bai taɓa duba takarda ɗari huɗu ba ba zai gane yadda ake yi ba. Ba karantawa ake yi ba. Ido ne yake bin layi yana farautar kuskure, hannu yana binsa da jan biro, abin da ɗalibi ke son faɗa kuwa ya wuce ta gefe. Arba'in takan duba kowace safiya, a kan tabarma, bayan ta idar da salla. Ranar Asabar ta ɗauki wata takarda mai ƙananan rubutu, ta ja layi a wuri goma sha huɗu, ta ba da uku bisa goma, ta ajiye. Ta duba wasu biyu. Sai da ta tashi ta ɗora ruwan shayi, tana tsaye a kicin, sannan ta tuna cewa ɗazu ta gyara wa wani rubutun kalmar amai.

Ta koma ta tono takardar, ta karanta ta kamar yadda ake karanta wasiƙa.

Yarinya ce ta rubuta. Ta ce mahaifiyarta tana sarin wake ta ajiye sai ya yi tsada. Duk buhun da ya zo sai an sa masa bom. A da a zaure ake jibgewa, ɓarayi suka taɓa ɗauka, aka mayar da buhunan ɗakin da ita da ƙannenta biyu ke kwana. Ɗakin yakan yi warin tafarnuwa. Autarsu takan yi amai da ciwon kai, a ce zazzaɓi ne. Layin ƙarshe ya ce wani sabon kaya zai iso ƙarshen makon nan.

Ta kira Malam Bello, magatakardan sashe, wanda jerin sunayen ɗalibai ke hannunsa.

"Malama, yau Asabar fa," in ji shi. "Ina wurin aski, an yi mini rabi."

"Ka bar rabin. Lamba ce zan karanto maka, ina son suna da lambar waya."

"Satar amsa aka yi?"

"A'a."

"To me ya yi zafi da ba zai jira Litinin ba?"

"Malam Bello, don Allah."

Shekara goma suna aiki tare, bai taɓa jin ta roƙe shi ba. Minti ashirin bayan haka ya turo: Asma'u Sadiq, Daurawa.

Ta kira lambar. Da Asma'u ta ji ko wace ce, ba ta jira tambaya ba. "Wallahi Malama ni na rubuta da kaina, ban kwafa ba."

"Na sani. Kayan sun iso?"

"Wane kaya?"

"Waken."

"Jiya suka zo. Buhu bakwai. Ɗazu Umma ta gama sa musu magani."

"Kwatanta mini gidanku."

Hajiya Talatu, mahaifiyar Asma'u, gajeruwa ce mai fara'a, hannunta duk garin wake. Ta shimfiɗa wa baƙuwa darduma a tsakar gida, ta kawo ruwa, aka gaisa, aka tambayi gajiya da iyali. Ƙofar ɗakin yaran tana buɗe. Daga inda Safara'u ke zaune tana hango buhunan a jere jikin bango, katifa a gabansu, tana kuma jin warin. Ta ajiye kofin ruwan ba ta sha ba, ta faɗi abin da ya kawo ta.

Hajiya ta tafa hannu ta yi dariya. "Ikon Allah! Wato yanzu har waken gidanmu ya shiga jarrabawa?" Ta juya kan 'yarta. "Ke kuma uwar iyayi, an tura ki karatu kin je kin kwashe sirrin gida kin zuba wa mutane a takarda."

"Umma, ce mana aka yi mu rubuta abin da muka gani."

"Ba ki ga tuwon da kike ci ba? Shi me ya hana ki rubuta?" Ta sake fuskantar baƙuwa. "Malama, shekarata takwas a sana'ar nan. Ɗaure buhunan nake yi tam. Ita auta dama haka take, ko iska ta kaɗa sai ta kwanta."

"Ɗauri ba ya hana iskar fita, Hajiya."

"A littafi ba."

Safara'u ta cire tabarau ta riƙe a hannu. Ta san in ta ci gaba da bayani irin na aji, za a saurare ta cikin ladabi, a raka ta ƙofa da kwanon wake, yara kuma su kwana a ɗakin.

"Ba a littafi na gani ba," in ji ta. "Buhu ɗaya ne nawa, ba bakwai ba. Ƙwaya uku. Ni na saya, ni na sa, ni na ce a ajiye a ɗakinta. Shekararta biyar. Ni ma maganin zazzaɓi na ba ta."

Asma'u ta sunkuyar da kai.

"Inna lillahi," in ji Hajiya a hankali. "Allah Ya sa mai ceto ce."

"Amin."

"Amma Malama, kin san kowa da kwanansa."

"Na sani. Shekara goma sha ɗaya ana gaya mini."

Hajiya ta dubi ɗakin, ta dubi ƙasa. Ta ce ko da ta yarda, babu inda za a kai su sai shagon ƙofar gida da ɗan haya ya tashi, makullin kuwa yana aljihun maigidanta Alhaji Sadiq, shi kuma ya tafi ɗaurin aure Ƙauyen Alu, ba a san lokacin dawowarsa ba. In ya dawo za ta gaya masa, in sha Allahu.

"Zan jira shi," in ji Safara'u.

Ba a korar baƙo, kuma Hajiya ta san baƙuwar ta san haka. Aka yi azahar, Safara'u ta yi salla a inda take. Aka kawo shinkafa da wake, ta ci loma biyu don kada a ce ta ƙi. Ta sa aka rufe ƙofar ɗakin, aka buɗe tagarsa ta waje, aka hana yaran shiga ko ɗauko takalmi. Inuwa ya kira, ta ce masa tana Daurawa, za ta yi masa bayani. Rana ta juya, aka matsar mata da darduma gindin bango. Bayanta ya ƙage. Hajiya ta shiga ta fita, ta yi shara inda babu datti, daga baya ta gaji ta zo ta zauna kusa da ita.

Bayan la'asar Alhaji Sadiq ya yi sallama. Hajiya ta tare shi a zaure. Safara'u ba ta ji abin da aka faɗa ba, sai muryarsa da ta ɗaga sau ɗaya: "Buhu bakwai? Yanzu?" Sannan muryar ta sauka. Can ya leƙo da babbar riga a kafaɗa, ya gaishe ta daga nesa, ya ce, "Malama, Allah Ya ba da haƙuri." Ya fita ya kira maƙwabcinsa. Su biyu suka ɗaure hanci da ƙyalle, suka riƙa cicciɓar buhunan suna nishi. Ta ƙirga su ɗaya bayan ɗaya har na bakwai ya wuce, sannan ta dafa bango ta miƙe.

Hajiya ta rako ta ƙofar gida. Alhaji yana ta fama da kwaɗon shagon da ya yi tsatsa.

"Kwana nawa kafin a buɗe?" in ji Hajiya.

"Ki ba shi mako guda. Yaran kuma su kwana ɗakinki yau da gobe, a bar nasu ya sha iska. Kada kowa ya kwana a shagon, ko don gadi."

"To in ɓarayi suka fasa fa?"

"Wake kawai za su ɗauka, Hajiya."