Dakta da Tekun da Ta Janye

"Kada ka ajiye mota a nan, teku za ta dawo," in ji wani tsohon masunci.

Fitarmu ta farko ke nan bayan an sassauta kullen korona. Zaman gida a Setapak, unguwarmu a ƙasar wajen da muke zaman karatu, ya ishe mu, sai maigidana Abban Hanifa ya kwashe mu zuwa wani ƙauyen masunta. Ruwa ya janye can nesa, kwale-kwale duk suna kwance a kan yashi.

Maigidan nawa, wanda yake digiri na uku a kan albarkatun ruwa, ya sauke takunkumi, ya dubi sama.

"Baba, ai ko hadari babu. Mu a Kano in kogi ya janye, sai wata daminar."

Tsohon ya wuce abinsa, mu kuma muka bar motar a nan.

Kafin mu gama cin gasasshen kifi, ruwa ya kai ƙofar mota. Tsohon nan da maƙwabtansa ne suka turo ta tudu, Daktan namu na gefe da wando a naɗe, sai godiya yake zubawa.



Jama'a, tsakani da Allah, wa ya kamata a miƙa wa digirin nan?