Tarago Ba Ya Komawa Ɗaya

Ku da kuke ɗibar ruwa a burtsatsen unguwar nan, ku aje jarkokinku ku ji labarin wanda ya jawo muku shi. Yayana ne, Malam Mamman, wanda duk Ƙauran Namoda ta sani da Malam Na-Nawa. Allah ya jiƙan shi, mutum ne da bai taɓa koma ƙirga daga fari ba. In jiya ya tsaya a bakwai, yau da takwas za ya buɗe baki. Da ƙuruciya aikin reluwe ya yi, shina ƙirga taragun gyaɗa, can ya samo maganar da ya bi mu da ita har tsufa: "Tarago ba ya komawa ɗaya don an wuce tasha."

Ranar auren ɗana Bello a Shinkafi, Yaya ya zaunar da ango, nasiha ta ɗaya, ta biyu, har ta bakwai, sai hadari ya taso anka watse. Bayan shekara biyu munka koma suna. Ko sallama Yaya bai ida ba ya ɗaga yatsa.

"Na takwas!"

"Kawu, takwas ɗin mi?"

"Ka ji ko! Bakwai ɗin ma ya zubar. Shi ya sa ɗiyar mutane ta rame."

Ragon layyarshi ma ba ya da suna sai lamba. Wata shekara ya ja wani zuwa Kasuwar Daji don ya musanya, shina ta kiran shi Arba'in-da-Biyu. Wani Bafillace ya leƙa bayanshi ya ce, "Baba, ina sauran garken?" Yaya ya ce, "Mun cinye su. Amma ba mu manta da su ba."

To, dariya ce, har ranar da ta zama ba dariya ba.

Shekarar da zama ya gagara a ƙauyenmu na wajen Zurmi, munka kwaso abin da kai ke ɗauka munka sauka Ƙaura, unguwar Yaya. Ni ya ba ni ɗaki a gidanshi. Ruwa kuwa, wayyo! Rijiya guda, kafin hantsi ta koma laka. Sai wata ƙungiya ta aiko cewa za ta haƙa burtsatse, amma sai unguwar da ta sauki gida talatin na baƙi. Yaya ya bi ƙofa ƙofa ya rubuta sunaye, bisa yadda kowa ya iso. Ɗiyarshi Hadiza, malamar makaranta, ta zuba su cikin kwamfuta, shafi uku, don a haska a bango da majigi.

Ran taron munka cika ajin makaranta fal. Ni ban yi boko ba, amma na san lamba ɗaya: sanda ce a tsaye. Shafin farko, ga sanda a sama. Hadiza ta latsa, shafi na biyu, ga sanda ta dawo! Na uku ma haka. Babban baƙon da ƙungiyar ta aiko, mai gilashi, tun da anka fara shina danna waya. Sai a ƙarshe ya ɗaga kai ya dubi bango, ya ga lambar ƙarshen shafi na uku.

"Gida tara? To, ku yi haƙuri."

Sai ga Yaya ya miƙe, ya shiga gaban hasken, har sunayen mutane na kwance bisa rigarshi.

"Hadiza! Wa ya tsinke min jirgi?"

"Baba, haka take yi. Kowane shafi daga ɗaya take farawa."

"Ashe wagga aba mai tsada mantuwa gare ta, irin ta Bello! Ba a iya gaya mata inda anka tsaya?"

"Ana iyawa, Baba. Sai dai shafi shafi, da hannu."

"To hannunki ciwo shikai?"

Ta shiga wani lungu na kwamfutar, ta gaya wa shafi na biyu ya tashi daga sha ɗaya, na uku daga ashirin da ɗaya. Yaya na tsaye kanta kamar mai tsaron ƙofar tasha. Sandar nan ta ɓace, ƙirga ta miƙe har ƙasa. Baƙon ya gyara gilashi.

"Ashirin da tara. Baba, saura ɗaya, kuma sharaɗi sharaɗi ne."

Yaya ya bi fuskoki ɗai-ɗai da ido, leɓenshi na motsi, har ya faɗo kaina.

"Ina Luba a nan ciki?"

"Ai Gwaggo gidanmu take," in ji Hadiza, "na haɗa ta da mu."

"Tukunyar wa take ci?"

"Tata."

"Ruwan wa take ɗiba?"

"Nata."

"To mai tukunya gida ce! Sa ta na huɗu."

"Baba, in sa ta ƙarshe mana, ya fi sauƙi."

"Ta huɗu ta iso, da ƙafa a kumbure. Ni na buɗe mata ƙofa."

Da sunana ya shiga, shafin farko ya kai sha ɗaya, sauran biyun kuwa sunka yi kunnen ƙashi, dole Hadiza ta sake bin su tana gaya musu sabon wurin tashi. Baƙon har wayarshi ya sa aljihu, shina ƙirgawa tare da mu. Da anka kai talatin mata sunka rangaɗa guɗa. Yaya bai ko murmusa ba, sai ya ce da mutumin, "Ɗana, gobe in ana karanta mutane, a fara kallo tun daga kan jirgi."

Da ciwon ajali ya kwantar da shi ya kira ni wasiyya. Ya kai ta huɗu numfashi ya gaza, ya ce, "Luba, gobe na biyar." Goben ba ta same shi ba. Da ruwan burtsatsen nan anka yi mishi wanka.

Ya Allah, bawanka da bai yarda a bar kowa a baya ba, kada ka bar shi a baya. Ka haskaka kabarinshi, ka sa shi cikin jerin bayinka na gari, ka haɗa mu a Aljanna in saurari na biyar. Amin.